Wasiƙa daga Damagaram kan duwatsun nan tsanwa

Damagaram, ranar Alhamis

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Nan lafiya lau, sai zafin da ka sani. Saƙonka ya iso, da hotunan duwatsun da aka sayar maka da sunan zumurrudu, waɗanda kake so ka yanka idon zobe, irin mai doro a sama, shimfiɗe a ƙasa, da ake ce wa kabushon.

Kar ka kai ko ɗaya bakin faifan injin guga sai ka san sunansa. A kasuwa duk abin da ya yi tsanwa zumurrudu ne, alhali hoto ba ya raba su. Ɗanyen zumurrudu yana fitowa ne kamar guntun fensir mai gefe shida, kuma taurinsa 7.5 zuwa 8 a ma'aunin Mohs, wato ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10. Akwai shi a Nijeriya wajen Gwantu da Nasarawa Eggon, ban da na Zambiya da Kolombiya da suka yi suna. Naka kuwa, wanda ya fi girma ɗin, da zanen fari-fari a jikinsa da launi mai sirkin shuɗi, ya fi kama da amazonait, wanda tun zamanin da ake haƙa a Eghei Zuma, can kudancin Libiya, ana yin duwatsun wuya da shi. Taurinsa 6 zuwa 6.5 ne. Ka gwada a gefen da za a zubar: in bakin wuƙa ya ci shi cikin sauƙi, kuma yana da zobba-zobba masu duhu da haske, malakait ne irin na Katanga ta ƙasar Kwango, taurinsa bai wuce 4 ba. In wuƙa ta kasa amma tsinin farin dutsen ƙanƙara ya karce shi, amazonait ne ko kwalba. Ita kwalba tocila ke tona mata asiri, za ka ga ƙananan kumfa a ciki. Wanda ƙanƙara ta kasa karta, shi ne ya cancanci a kai wa masani.

Akwai kuma awon ruwa. Ɗora kofin ruwa a sikelin masu zinariya, mai da shi sifiri, ka rataya dutsen da zare ya nutse ba tare da ya taɓa gindi ba, sai ka raba nauyinsa na waje da abin da sikeli ya nuna. Malakait zai ba ka kusan 4, amazonait wajen 2.56, zumurrudu wajen 2.7. Na biyun ƙarshen sun yi kusa da juna ƙwarai, don haka kar ka jingina da awon shi kaɗai.

To, yanka. A fitar da fallen dutse mai kaurin milimita 6 ko 7 da zarton daimon, cikin ruwa. Jiƙa shi ka duba: wurin da ya riga bushewa ya bar siririn layi mai danshi, tsaga ce, ka kauce mata tun a zane. Amazonait yana da jijiya biyu da yake bi ya tsage, kamar itace, saboda haka ba ya son duka ko matsi. Zana siffar a bayan fallen, kuma ni dai shawarata ka tsaya kan girman da maƙeran fari suka saba, 18 da 13, ko 25 da 18 a milimita, don gidan zobe ko na sarƙa ya karɓe shi ba gardama. Wasa gefe har ya rage rabin milimita ka kai layi, kana karkata shi ciki kaɗan, kamar digiri 10 zuwa 15, domin leɓen azurfa ya sami abin kamawa. Sannan ka ɗan kashe kaifin gindin kewaye, in ba haka ba nan zai ɓantare ranar da maƙeri ya danna shi.

Riƙonsa a ɗan sanda shi ne inda garinmu ke da nasa hukunci. Kakin da ake manne dutse da shi yana narkewa wajen digiri 70, amma tun kafin nan yake laushi. A bazara, in zafin gari ya haɗu da na guga, sai ka ga dutse ya zame ya karkace. A lokacin ɗari kuwa kakin ƙandarewa yake yi, dutse ya yi tsalle ya faɗi. Ɗumama dutsen a hankali kafin ka manna, domin kaki ba ya kama sanyi ko maiƙon hannu. In zumurrudu ne, bar wuta gaba ɗaya, ka yi amfani da gam mai saurin kamawa a kan ƙusa mai faɗin kai, ka cire da asetan, wato ruwan da ake goge jan farce da shi, daga baya.

Doron ana gina shi ne hawa-hawa: ka ci gefe a karkace, ka ƙara wani cin a samansa, ka ƙara wani, har su haɗu a tsakiya, sannan ka yi ta jujjuya sandar kana shafe gaɓoɓin. Kaushin faifai lamba-lamba ne, ƙaramar lamba ta fi kaushi: lamba 80 ta fitar da siffa, 220 ta gyara, sai 280, 600, 1200, 3000. Malakait ka fara shi daga 220, don 80 cinye shi za ta yi kafin ka ankara. In wutar lantarki ba ta tsaya ba, samfefar ruwa ta masu fentin mota tana yin aikin da hannu, a shimfiɗa ta kan ɗan soso don ta bi doron. Lokaci kawai take ci.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne tsakanin 280 da 600. Jiƙaƙƙen dutse kullum kyakkyawa ne, ruwa ke rufe karce. Goge shi ya bushe, ka shafe doron da tawadar da ba ta wankuwa, ka koma kan faifai: duk inda tawada ta maƙale, rami ne ko wurin da ya baje. Karcen da 280 ta bari, 3000 ba ta fitar da shi, sai dai ta haska shi kowa ya gani. Kuma na san ruwa da tsada, a nan ma haka, amma kar ka mai da ruwan da ya wanke lamba 80 kan 1200. Ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta mai da kai baya. Kowace lamba da ƴar robarta, a wanke dutse da hannu har ƙarƙashin farce, a rufe faifan ƙyalli da leda saboda ƙura. Guga a bushe kuwa babu ita sam: ƙurar malakait tana ɗauke da tagulla mai guba, ta ƙanƙara kuma tana lalata huhu.

Ƙyalli na ƙarshe, samo guntun fata wajen dukawa, marar rini, ka shafa mata garin seriyam, wato garin fitar da sheƙin dutse, da aka dama da ruwa kaɗan. Ta kasance da danshi, ba sharkaf ba. Sai ta fara jan dutsen sannan sheƙi ke fitowa. Kana yi kana taɓa shi da yatsa, in ya yi zafi ka dakata. Koren garin kuromiyam ya fi dacewa da malakait, amma kar ka kai shi ga amazonait, zai shige farin zanen ya ƙi fita.

Batun kuɗi, ba zan yanke maka farashi daga hoto ba. Karat ɗaya giram 0.2 ne, kuma kabushon 18 da 13 mai tsayin milimita 6 yakan kai karat 10 ko kusa. Zumurrudu ne ake ciniki da karat. Amazonait da malakait galibi da ɗai-ɗai ake sayar da su, kuma kuɗin aikin hannunka ne fiye da na dutsen. Ka tuna fiye da rabin ɗanyen dutse a ruwan guga yake tafiya, ka sa wannan cikin lissafi. Mai saye da ya san hannunsa launi zai fara dubawa, ko ya cika, ko ya bazu daidai. Sai ya haska tocila ta baya ya ga tsaga. Sai ya juya shi ƙarƙashin doguwar fitila: in layin hasken ya gangara kan doron bai karye ba, bai yi rawa ba, aikin ya yi. Biyu masu kama ɗaya na ƴan kunne sun fi biyu warwatse daraja. In an shafa wa dutse mai don ɓoye tsaga, ko rinanne ne, ka faɗa wa mai saye tun kafin ya taya. Auduga da asetan na fitar da wani rinin, kuma tsakanin ƴan kasuwa labari ba ya kwana.

Fara da mafi muni cikinsu, ka ajiye babban sai hannunka ya faɗa. In ka sami mai tahowa, ɓantaro mini ɗan guntu daga kowanne, ko kamar ƙwayar wake, kowanne a ƙullinsa da lamba, in gwada in sanar da kai.

A gaida Hajiya da yara. Mutanen Birni duk suna gaishe ka.

Naka amini