Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi Kan Ɗalibai Masu Kafa Kamfanoni

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka wannan wasiƙa a matsayina na malamin jami'a wanda ya daɗe yana zama a kujerar alƙalanci a gasannin da ɗalibai ke gabatar da dabarun kasuwancinsu a gaban masu zuba jari. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a domin abin da zan faɗa ya shafi iyaye da shugabannin jami'o'i da ɗaliban kansu, kuma gyaransa yana hannun ofishinka.

Ranka ya daɗe, ranar gasa rana ce mai daɗin kallo. Ɗalibi yakan hau dandamali da minti biyar a hannunsa, ya bayyana matsalar da ya gano, da maganin da ya ƙirƙiro, da yawan mutanen da yake sa ran za su saya, da adadin kuɗin da yake nema. A tafa masa, a miƙa masa kofi, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Mun ƙware wajen shirya wannan rana, kuma ba na raina ta, domin yaron da ya iya tsayawa gaban manya ya kare tunaninsa ya sami abin da aji ba ya bayarwa. Damuwata tana kan wata rana dabam wadda ba a gayyatar kowa, ranar da mai kuɗi zai kira ɗalibin shi kaɗai, ya ajiye masa takarda mai shafuka da yawa, ya miƙa masa biro.

Na taɓa ganin abin da wannan rana ke haifarwa. Wasu ɗalibaina uku sun haɗa wata manhajar waya, suka ci gasa, wani mai hali ya neme su. Cikin murna suka ba shi kashi 40 cikin ɗari na kamfanin a kan kuɗin da bai kai su ƙarshen shekara ba. Sai da suka sa hannu suka kawo mini takardar, kuma har yau ina jin zafin cewa ban gan ta tun farko ba. Lissafin da ya kamata a koya musu ba shi da wuya. Wanda ya bayar da 40 ya rage da 60. Idan kamfanin ya yi albarka ya nemi jari karo na biyu, sabon mai zubawa ya karɓi kashi 25, sittin ɗin nan ta koma 45. A karo na uku a karɓi kashi 20, ta koma 36. Raba wannan tsakanin mutum uku, kowanne ya tashi da 12 a kamfanin da ya hana idonsa barci a kansa. Gogaggun masu zuba jari sun san wannan lissafi, shi ya sa da sun ga an ba mutum na farko kaso mai yawa haka sukan ja da baya, domin sun san wanda ya kafa kamfanin ba zai daɗe yana da ƙwarin gwiwar wahala ba. Yaran nan haka ta same su: ƙofar farko da suka shiga ita ta rufe musu sauran.

Domin kwatanci, cibiyar Y Combinator ta Amurka, wadda aka kafa a 2005 kuma ta reni kamfanoni irin su Reddit da Dropbox da Airbnb, tana karɓar kashi 7 ne a kan dala 125,000 na farko da take zubawa. A 2013 ta fitar da wata gajeriyar takardar yarjejeniya mai suna SAFE, ta sake ta kyauta ga kowa, domin mai kuɗi ya iya zubawa yau a jinkirta yanke darajar kamfanin sai ya girma an san abin da ya kai. Ba cewa nake yi a kwafo takardar kamar yadda take ba, tunda kowace ƙasa da dokar kamfanoninta. Hikimar da ke ciki ita nake nuni gare ta, wato a samu takarda guda sananniya wadda ɓangarorin biyu suka san abin da ke cikinta, ta yadda duk wanda ya sauya wani sashe za a gani nan take a tambaye shi dalili.

Akwai sharuɗɗan da ɗalibi ba ya ko lura da su saboda idonsa na kan adadin kuɗin. Wani sharaɗin yakan ce idan aka sayar da kamfanin, mai zuba jari zai fara kwashe kuɗinsa ninki biyu ko uku kafin kowa ya taɓa komai. Wani yakan mayar da jarin bashi a wuyan ɗalibin shi kansa idan kasuwancin ya faɗi, alhali ma'anar zuba jari ita ce a raba riba a raba asara. Wani kuma yakan hana shi neman kuɗi a wurin kowa sai da izinin na farko. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, kuma gaskiya ne, amma adalci shi ne mutum ya san irin askin kafin ya karɓi ladan. Yawancin masu zuba jari mutanen kirki ne, sai dai kowannensu yana zuwa da lauyansa, ɗalibin kuwa yana zuwa da zumuɗinsa kaɗai.

Saboda haka roƙona na farko, wanda ya fi sauran nauyi a wurina, shi ne ma'aikatarka ta wajabta wa duk jami'ar da ke shirya irin wannan gasa ta tanadi wanda zai karanta wa ɗalibi yarjejeniya kyauta kafin ya sa hannu. Jami'o'in da ke da tsangayar koyar da shari'a suna da malamai da ɗaliban ajin ƙarshe waɗanda za su yi wannan aiki ƙarƙashin kulawar lauya, su ma su ƙaru. A haɗa da samfurin takardun da ma'aikata ta amince da su, ciki har da takardar da abokan kafa kamfani za su rubuta a tsakaninsu tun ana dariya. Wannan ta biyun ana yawan raina ta saboda abota, alhali rashin ta ya raba aminai da yawa. Snapchat ɗaliban Jami'ar Stanford ne suka fara shi a 2011. Ɗayansu, Reggie Brown, ya kai ƙarar sauran a 2013 bayan an fitar da shi, aka sasanta a 2014 a kan dala miliyan 157.5. A harkar an saba da tsarin da hannun jarin kowane mai kafawa ke tabbata a hankali cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin cikar shekarar farko ba ya tafiya da komai. Shafi biyu sun isa a rubuta wannan, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu tambaya ce da mai zuba jari na gaske ba ya tsallakewa: wa ya mallaki wannan ƙirƙira? Ɗalibin da ya gina abinsa a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, ko ya tsiro da shi daga aikin bincikensa na kammala digiri ƙarƙashin wani malami, sau da yawa bai san amsar ba, jami'ar ma ba ta rubuta ba. Mai kuɗi kuwa ba ya saka dukiyarsa a gonar da ake gardamar iyakarta. Duniya ta gwada hanyoyi dabam-dabam. Amurka ta yi dokar Bayh-Dole a 1980, wadda ta bar wa jami'o'i mallakar abin da aka ƙirƙira da kuɗin gwamnatin tarayya. Dabarar jera sakamakon bincike da Larry Page da Sergey Brin suka gina Google a kanta sunan Stanford ke kan haƙƙinta. Jami'ar ta ba su lasisi ta karɓi hannun jarin Google guda miliyan 1.8, ta sayar a 2005 a kan dala miliyan 336. Jami'ar Waterloo ta Kanada ta bi wata hanya, ta bar wa wanda ya ƙirƙira mallakar abinsa. A Birtaniya an yi bita a 2023 saboda koken cewa jami'o'i suna karɓar kaso mai yawa, aka ba da shawarar kada ya wuce kashi 10 a kamfanonin manhaja. A nawa ganin, abin da ɗalibin digirin farko ya ƙirƙira ya zama nasa, sai fa idan jami'a ta kashe kuɗi na musamman a kai, a nan ma a ƙayyade mata iyaka a rubuce. Kowace hanya ka zaɓa, ranka ya daɗe, ta fi shirun da ake ciki.

Sai batun lokaci. Labaran Michael Dell, wanda ya fara sayar da kwamfuta daga ɗakin kwanansa a Jami'ar Texas a 1984, da Mark Zuckerberg, wanda ya kafa Facebook a Jami'ar Harvard a 2004, sun sa yara da yawa suna zaton barin karatu shi ne matakin farko na arziki. Ba a ba su labarin ɗimbin waɗanda suka bari suka rasa kamfanin suka rasa digirin, alhali an san yawancin sababbin kamfanoni ba sa kai labari. Faransa ta kafa matsayin ɗalibi ɗan kasuwa a hukumance a 2014, inda ake sassauta masa jadawali, a ba shi masu ba da shawara biyu, ɗaya daga jami'a ɗaya daga kasuwa, kuma yana iya maye gurbin zaman koyon aiki da aikin kamfaninsa. Indiya a manufarta ta 2019 kan ƙirƙira da kafa sababbin kamfanoni ta buɗe wa ɗalibi hanyar jingine karatu na zango ɗaya ko shekara ya dawo. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, umarni ne daga ofishinka da amincewar hukumomin jami'o'i, amma zai sa yaro ya gwada sa'arsa ba tare da ya ƙone gadar komawa aji ba, kuma iyayensa su sami natsuwar sa masa albarka.

Ina kuma roƙon a sauya abin da ake ba maki a gasannin kansu. Mu alƙalai mukan ruɗu da zaƙin baki da kyawun hotunan da aka haska a bango, har mu fifita wanda ya iya magana a kan wata ɗaliba mai kunya wadda ta riga ta sayar wa mutum talatin kuma ashirin sun dawo sun sake saye. Wannan ɗaliba ita ke da kasuwanci. A tambayi kowane mai takara mutum nawa ya zauna da su kafin ya fara gini, nawa suka biya, nawa yake kashewa kafin ya sami mai saye guda, kuma wata nawa kuɗin da yake nema zai kai shi. A kuma gaya musu a fili cewa ba kowace sana'a ke buƙatar mai zuba jari ba; da yawa sun fi lafiya idan suka girma da kuɗin cinikinsu, kamfanin ya zauna a hannun masu shi.

Mai girma Minista, ina roƙon kafin zangon karatu mai zuwa ka kira shugabannin jami'o'i da lauyoyin kamfanoni da wasu daga cikin masu zuba jari, ka zaunar da su tare da ɗaliban da suka riga suka sa hannu a irin waɗannan takardu, ka bar ɗaliban su fara magana. Ɗalibaina ukun nan sun ce a shirye suke su zo da tasu takardar a karanta ta sashe-sashe a gaban kowa.

Allah ya yi maka jagora a wannan aiki.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin jami'a mai kula da ɗalibai masu sana'a