Ruwa ba ya hawa tanki, maƙwabta na so a daina biyan harajin gida

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, kai da masu sauraro.

Mu 'yan kwamitin wata unguwa ne a cikin Kano, a cikinmu akwai masu aikin famfo. Ana sako ruwa da asuba, amma gidajen ƙarshen layi sai ɗigo. Mun auna da jarka mai lita 20: a bakin layi tana cika cikin minti biyu, a ƙarshe sai ta haura minti goma sha biyar. Tankin da ke bisa mita 6 kuwa ko ɗigo ba ya samu, tunda kowane mita 10 na tsawo yana buƙatar ƙarfin tura ruwa kusan bar ɗaya (bar ma'aunin ƙarfin ruwa ne), a ƙarshen layi kuwa ko rabinsa ba a kai ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yawancin gidajen sun ja ruwa ne da tsohon bututun ƙarfe na rabin inci, tsatsa ta cinye cikinsa har ramin bai fi kaurin fensir ba. Gidaje sun ƙaru, bututun layin bai ƙaru ba. Amma babbar masifar ita ce gidaje huɗu na bakin layi da suka ɗaura injin jan ruwa kai tsaye a jikin bututun. Injin yana zuƙe ruwan kafin ya wuce, kuma idan ƙarfin ya faɗi ƙasa, duk inda bututu ya tsage a cikin kwata, ƙazantar ce ke shiga. Shi ya sa ruwan farko ke zuwa da wari. Gyaran da muka sani: kowa ya haƙa tankin ƙasa da bawul mai ƙwallo (mai rufe ruwa da kansa idan tankin ya cika), ruwa ya shiga da ƙarfin kansa, sannan inji ya ɗaga shi sama daga nan. Masu bututun ƙarfe su koma na roba mai inci uku bisa huɗu.

To, takardun harajin gida sun iso, wasu sun ce kada kowa ya biya sai ruwa ya dawo. Mun yi bayani cewa aljihun ba ɗaya ba ne. Harajin gida na ƙaramar hukuma ne, kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta. Kuɗin ƙasa da mai satifiket ɗin fili ke biya duk shekara na gwamnatin jiha ne, ƙarƙashin dokar filaye ta 1978. Kuɗin ruwa kuma bil ɗinsa daban. Wanda ya riƙe harajin gida bashi kawai ya tara wa kansa, famfonsa na nan a bushe. Sai suka ce mun zama 'yan koren hukuma, alhali mu ma wurin 'yan garuwa muke sayen ruwa.

Malam, yaya za mu tunkari masu injin nan ba tare da zumunci ya ɓaci ba? Biyu daga cikinsu dattawa ne da muke sallah a bayansu. Mu fara da mai unguwa, ko mu kai takarda ofishin ruwa duk da cewa za a iya yanke musu layi? Sannan a gidan haya, wa ya kamata ya biya harajin gida idan yarjejeniya ba ta faɗa ba, mai gida ko ɗan haya?

Allah ya ƙara basira.

Naka,
Kwamitin unguwa, Kano