A daina mantawa da awaki idan boru ya shiga shanu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a bani dan fili inyi magana akan awakin da matanmu suke kiwo a cikin gida anan yankin Gumel da Maigatari, sbd naga duk sanda akace ciwon boru, wato ciwon baki da kofato, ya bullo to hankalin kowa akan shanu yake, daga masu garke har malaman dabbobi, ita kuwa akuya babu mai ko daga kafarta ya duba.

Alhali boru ba na shanu kadai bane. Duk dabba mai tsagaggen kofato tana dauka, tumaki da awaki duk suna ciki. Abinda yake rudar mutane shine a jikin saniya ciwon baya buya, zakaga dalala tana zuba daga baki kamar igiya, harshe ya sale, tsakanin kofato yayi gyambo ta kasa taka kasa. Akuya kuma sai tayi dan dingishi kwana biyu, ta rage cin dusa, ta kwanta a inuwa, shikenan sai ace kaya ta taka. Amma ka tsuguna ka bude tsakanin kofaton da hannunka ka daga lebenta, wani lokacin zaka tarar da dan kurji ya fashe, ko a kan nonon ma. Sai nono ya ja baya, wadda ake tatsar kwanon sha da safe ta koma bata cika rabi, sannan abinda yafi ciwo wlh, dan akuya da yake tsalle jiya da yamma a wayi gari ya mutu babu gudawa babu komai, domin a kananan kwayar cutar zuciya take tabawa. Matar gida tayi ta kuka tana cewa sammu ne ko maciji.

Kuma hanyar da ciwon yake shigowa ba boyayya bace. Komi daya ake sha a bakin burtsatse, shanun ayari su sha su wuce yara su koro awakin gari su kafa baki a wajen. Ko maigida yaje kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a ya sayo dan maraki na kiwo, a daren nan ya daure shi turke daya da awakin matarsa, alhali dabba tana iya daukar kwayar har kusan sati biyu bata nuna ba. Ni a ganina wannan sakaci ne daga mu maza, ware sabuwar dabba sati biyu zuwa uku da bokitin ruwanta daban bai cin ko sisi.

Ba boru kadai ba ma. Akwai wata kwayar cutar gudawa ta shanu da turawa suke ce ma BVD, idan ta samu akuya mai ciki tana iya sa ta bari. Ko a Amurka a watan Maris na 2024 an samu murar tsuntsaye a jikin 'yan awaki a jihar Minnesota, a watan ne kuma aka gano ta a shanun madara a Texas. To su da suke da kayan gwaji kenan.

Wani abun da yake damuna shine allurar LA, wato maganin kashe kwayoyin bakteriya mai dadewa a jiki, da ake saya a kasuwa ana dirkawa dabbobi. Wannan bata kashe kwayar boru, sai dai ta taimaka kar gyambon ya rube, mutane kuma suna ta zuba kudi suna tatsar nonon suna baiwa yara ba a ko tafasa ba. Haka wadanda akayi ma awakinsu rigakafin PPR, annobar nan ta awaki da tumaki mai sa majina da gudawa, suna zaton sun gama da komai, to wannan daban wancan daban, ta boru sai ana maimaitawa wajen duk wata shida kuma sai tayi daidai da irin kwayar da take yawo, tunda kala bakwai ce a duniya.

Muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tun 1924, ga ma'aikatar bunkasa kiwo ta tarayya da aka kirkiro a 2024. An taba hada kai an kawar da cutar bushiya ta shanu daga duniya a 2011, iyayenmu sun san irin barnar da tayi ma garkuna. Rokona ga gwamnatin Jigawa da ta Kano shine idan za a fito rigakafi kar a tsaya a rugage da kasuwannin dabbobi kawai, a dauki mata ma'aikata su shiga gida gida tunda ba kowane namiji zai shiga ba, a sanar ta bakin masu unguwanni da rediyo tun ana saura kwanaki. Da nonon akuyar nan ake rainon marayu a kauyenmu, da ita ake sayen kayan dakin yarinya, dan Allah a saka ta a lissafi kafin kaka tazo shanu su fara saukowa gonaki.

Naku,
Mai karatu daga yankin Gumel, Jihar Jigawa