Wasiƙa zuwa ga aminina: zo mu taka

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙarfin jiki? Saƙonka ya iso, na ji batun gwiwar da ke damunka da hawan jinin da likita ya ce ya fara leƙowa. Allah ya sawwaƙe. Dalilin da ya sa ban ɓata lokaci wajen amsawa ba ke nan, don akwai abin da nake so in ja ka zuwa gare shi.

Na shiga wata ƙungiyar dattawa masu tattaki. Kada ka yi dariya, na san ka. Yawancinsu sun girme mu, wasu sun haura 70, har da mai dogara sanda. Da sassafe muke haɗuwa, a ɗan miƙe gaɓoɓi, a fara a hankali, sai a ɗaga ƙafa, in an kusa gamawa a sassauta. Mutum ɗaya yana gaba, ɗaya yana can baya, kuma aikin na bayan shi ne kada a bar kowa. Saurin da ake so ma da baki ake auna shi: in kana iya hira amma waƙa ta gagare ka, ka samu daidai. In maganar kanta ta fara yankewa, to ka wuce gona da iri, rage.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Minti 30 sau biyar ya kai ka. Ga wanda ya kai 65 kuma ta ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka da na daidaita tsayuwa, saboda faɗuwa. A lissafin hukumar, faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ta fi ɗauka. Shi ya sa bayan tattaki ake sa mu tsayuwa da ƙafa ɗaya muna dafe da bango, ko tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba. Kallonsa da sauƙi. Gwada ka gani.

Kada kuma taku 10,000 ɗin nan da wayoyi ke ƙirgawa ya karya maka gwiwa. Asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan, a 1965. Wani bincike da masanan Jami'ar Harvard suka fitar a 2019 kan tsofaffin mata ya nuna masu taku kamar 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma daga wajen 7,500 ribar ba ta ƙara hawa sosai. Sannu ba ta hana zuwa.

Batun gwiwarka, na san za ka ce hutu take so. Guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke zagaya ruwan. Zaman da kake yi don tausayinta shi ke ƙara sandarar da ita.

Amma duk wannan ba shi ne ya riƙe ni ba. Wa bai san tafiya na da amfani ba? Da ni kaɗai ne, da tuni na samo uzuri: yau sanyi, gobe bacci bai ishe ni ba. Yanzu kuwa in ban fito ba sai waya ta yi ƙara, an ce lafiya ba mu gan ka ba? Kunyar wannan tambayar ta fi gargaɗin likita tayar da ni daga shimfiɗa. Akwai wani dattijo da matarsa ta rasu, da farko gaisuwa kawai yake amsawa. Yanzu in ya kama labari sai an tuna masa an iso. Tun da muka bar aiki, wa ke lura in mun kwana biyu ba mu fita ba? Ni a ganina rabin maganin a nan yake.

Ka fara ganin likitanka tukuna, tunda akwai hawan jini, kuma kada ka ajiye magani don ka fara tattaki. Samu takalmi mai laushi wanda bai matse ba, ka riƙe ruwa. In ka ji ƙirji na ciwo, ko jiri, ko numfashi na sarƙewa, tsaya nan take a nemi asibiti. Minti 10 ya isa a makon farko.

In babu irin wannan ƙungiya kusa da kai, ka ƙwanƙwasa wa mutum biyu ƙofa ku sa lokaci. Ka rubuto min su wa ka samu, da abin da gwiwar ta ce.

Ka gaida maiɗakinka da yara baki ɗaya.

Naka amini har kullum.