Takardar koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan gubar da ake zuba wa dila da kura a bakin kogi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da haƙurin talakawa. Mu ne mutanen ƙauyukan da ke gaɓar kogin Haɗejia a gundumarka, masunta da manoman fadama da makiyaya, mun zauna bayan sallar Juma'a muka ce gara mu rubuta tunda maganar baki ta daɗe tana yawo ba ta isa inda ya kamata ba. Ni da aka ba wa biro malamin firamare ne, amma ɗan masunta ne ni, a cikin jirgi na girma.

Maganar ita ce guba. Tun da ruwa ya fara ja dila ya matsa wa mutane, yana ɗaukar kaji da 'yan awaki, wasu ma sun ce sun ga sawun kura wajen mashaya, kuma gaskiya ba ƙarya ba ne asarar da akai, akwai wata baiwar Allah bazawara da akuyarta ɗaya tilo ta tafi a dare guda, wanda bai san talauci ba ba zai gane zafin wannan ba. To sai wasu suka ɗauki hanya mafi sauƙi, su samu mushe ko kayan ciki daga mahauta su bulbula masa maganin ƙwari irin na feshin gona, su jefar a bakin ruwa da magariba. Ranka ya daɗe da safe abin da muke tararwa ba dila kaɗai ba ne. Ungulu ne a zube, shirwa, karnukan makiyaya, har mage, kuma in aka yi raɓa ko ruwa ya ɗan motsa duk wannan abin cikin kogi yake gangarawa, a nan matanmu ke wanki, a nan yara ke wanka, a nan shanu ke sha, daga nan tarwaɗa da karfasar da muke kaiwa kasuwa suke fitowa. Mun daɗe muna faɗa da masu zuba maganin ƙwari na gamalin a ruwa don kama kifi, Sarkin ruwa ya sha wahala kafin abin ya lafa, yanzu kuma ga shi ya dawo ta wata ƙofa.

Muna so a fahimce mu, ba wai muna son dila fiye da akuyar talaka ba ne. Yaranmu ne ke zuwa ɗibar ruwa da sassafe, mu ne ke kwana a bakin taru, in akwai mai tsoron naman daji to mu ne. Amma dila yana da aikin da yake mana ba tare da mun biya shi ba, duk manomin shinkafa ya san ɓera da gafiya, ya san yadda suke haƙa kunya su yanke shuka, su shiga rumbu, dila shi ne ke rage su a fadama. Kura da ungulu su ne ke share mushe kafin ya ruɓe ya cika ruwa da wari da cuta. Dattawanmu suna cewa da in saniya ta faɗi kafin la'asar ungulu sun gama da ita, yanzu sai ta yi kwanaki tana kumburi, karnukan da ba su da mai su ne ke taruwa a kai.

Akwai wani abu da na karanta na kuma bayyana wa jama'a a zaman namu, suka ce lallai in saka shi a takardar. A Amurka akwai wani babban gandun daji Yellowstone, hukuma da kanta ta sa aka yi ta kashe kerkeci da bindiga da tarko da guba har ya ƙare a wajajen 1926, suna ganin sun huta. Sai wata irin babbar barewa mai ƙaho mai rassa ta yi yawa ba mai korar ta, ta zauna a bakin rafuka tana cinye duk wani ƙaramin itace da ya tsiro, gaɓa ta zama fili, ƙasa ta riƙa zaizayewa, wata dabba mai kama da gafiya da ke datse ruwa da itace ita ma ta kusa ɓacewa saboda ba abin da za ta ci ko ta yi gini da shi. Bayan kusan shekara 70 dole suka je Kanada suka ɗauko kerkeci, 14 a 1995 da 17 a 1996. Garken barewar da ya kai wajen 19,000 a 1994 ya sauko ƙasa da 4,000 a 2013, duk da dai ba kerkeci kaɗai ya yi wannan ba, akwai mafarauta da fari da sauran namun daji masu cin nama. A wasu rafukan itatuwa sun dawo, masu datse ruwan nan suka ƙaru, a wasu kuma har yau gaɓar ba ta farfaɗo ba saboda ɓarnar ta riga ta yi nisa, masana na ta muhawara a kai har yanzu. Ni wannan ɓangaren na ƙarshe ne ya fi tayar min da hankali, kashewa cikin 'yan shekaru akai ta, gyara kuwa shekara 30 kenan ba a gama ba, kuma su masu kuɗi ne.

Kuma tun da aka dawo da kerkecin nan bai kashe mutum ko ɗaya a cikin gandun ba duk da miliyoyin mutane na shiga kowace shekara, doka suka sa kowa ya tsaya nesa da shi yadi 100. Makiyayan da ke kewaye dai sun yi asarar shanu da tumaki, ba a ɓoye wannan ba, an riƙa biyan su diyya. Wani abin mamaki ma, a 2015 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa dilan nan mai launin ƙasa-ƙasa na yankin Sahel ya fi kusa da kerkeci a dangantaka fiye da sauran diloli, har aka sake masa suna a littattafan kimiyya. Wato ƙanin wancan ne muke zuba wa guba a nan.

In ana maganar abin da zai cuci ɗan adam a bakin koginmu, wallahi mahaukacin kare ya fi dila nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare na kashe wajen mutum 59,000 a shekara, kusan duka daga cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kusan kashi 40 cikin 100, in alamun ciwon suka bayyana kuma sai dai addu'a. A Indiya wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe ungulu fiye da kashi 95 cikin 100 daga shekarun 1990 saboda cin mushen shanun da aka ba maganin, karnukan titi suka samu mushe suka hayayyafa, cizo ya ƙaru, sai a 2006 aka hana maganin. Mu ma hanyar da muka ɗauka kenan in ba a tsawatar ba.

Kogin nan dama a wahale yake ranka ya daɗe, kai ma ka sani. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 yanayin ruwa ya canja, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan baki ya samu maɓoya a cikinta, ambaliyar 2020 da ta 2022 ba wanda ya manta. Ga masu gawayi sun far wa giyayya da kanya na bakin gaɓa, saiwarsu ce ke riƙe ƙasa, inda aka sare su nan ruwa ke fara ɓallewa, kuma in kurmi ya ƙare dila ba shi da inda zai nufa sai bayan gidajenmu.

Don haka muna roƙo, don Allah don Annabi, a tara dagatai da masu unguwanni da Arɗo da Sarkin ruwa da Sarkin pawa da Sarkin baka a fada, a yi shela a kasuwa da masallatai cewa an haramta saka guba a mushe ko a ruwa, wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma ko ɗan waye. Mahauta su daina jibge ƙashi da kayan ciki a bakin kogi, a ba su wuri a haƙa rami. Mu kuma mun yi alkawarin aikin gayya, za mu yi wa duk gidan da ba shi da ƙarfi shingen ƙaya mai tsayi da akurki mai ƙofa, mu fara da gidajen zawarawa da tsofaffi, kuma yara ƙanana ba za su ƙara zuwa mashaya su kaɗai da asuba ko bayan magariba ba. In wata dabba ta saba shiga gari ta daina tsoron mutane, a sanar da malamin daji da Sarkin baka su bi ta ita kaɗai, kuma a duba yiwuwar ɗan asusu na gunduma da za a riƙa rage wa mai asara raɗaɗi, don yawanci baƙin ciki ne ke kai mutum shagon maganin feshi.

Muna kuma roƙon ka rubuta wa ƙaramar hukuma a turo likitan dabbobi ya yi wa karnuka allurar rigakafi, masana sun ce in aka samu kashi 70 cikin 100 cutar na yankewa, a kuma ajiye allurar cizon kare a asibiti mafi kusa da mu. A koya wa iyaye cewa in kare ya ciji yaro a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 sannan a garzaya asibiti a ranar, kar a tsaya shafa gashin kare. Sai kuma a shata iyaka a bakin gaɓa inda gatari ba zai shiga ba.

Akwai wurare biyu da muka san har yanzu mushe mai guba na nan kwance kusa da mashaya, mun sa matasa suna gadi don kar shanu su kusanta, a shirye muke mu raka duk wanda ka turo ya gani da idonsa a binne su kafin ranar kasuwa.

Allah ya ƙara maka yawan rai.

Naka masu biyayya,
a madadin masunta, manoman fadama da makiyayan gaɓar kogi.