Kyamarar bayan akori-kura: gyara ga masu jan tirela

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwa direbobin Hilux da ke jan tirela a nan Legas. Da yawa suna sayen kyamara a kasuwar Ladipo, sai a jona musu jar wayarta da fitilar ribas. To, da an cire giyar ribas hoto ya ɗauke, alhali a kan hanya ake son ganin kaya da tirela. Maimakon haka, a ɗauko wutar daga akwatin fiyus, layin da ke kawo wuta idan an murza makulli, da fiyus mai amfiya 5. Kai-tsaye daga batir kuwa, kyamarar za ta dinga zuƙe shi ko da mota tana kashe. Baƙar waya a ɗaure ta jikin ƙarfen da aka kankare fentinsa, in ba haka ba hoto ya dinga rawa.

Wurin kafawa: saman kan mota, kusa da fitilar burki, a ɗan sunkuyar da ita.

Ruwan Legas da iskar gishirin teku ba sa raga wa waya. A nemi kyamara mai lamba IP68 (alamar ƙura da ruwa ba sa shigarta), a yi wa mahaɗa dalma, a nisanta wayar daga salansa.

Naku,
Mai gyaran wayarin mota, Agege.