A duba tsawo da mahaɗi kafin a sayi filafili mai baki biyu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba mu ɗan fili mu ja hankalin samarin Kano da suka fara sha'awar tuƙa ƙaramin kwale-kwale a dam ɗin Tiga, Bagauda ko Challawa. Da yawansu idan za su sayi filafili mai baki biyu, wato sandar tuƙi mai faffaɗan baki a kowane ƙarshe, "nawa ne?" kawai suke tambaya. Neman araha ba laifi ba ne, amma akwai abu biyu da ba a yi musu rowa: tsawo da mahaɗi, wato wurin da ake haɗa rabi biyu na sandar.

Faɗin jirgi ne ke yanke tsawon filafili, sannan tsayin mai tuƙi. Siririn jirgi mai faɗin santimita 60 yana son filafili mai santimita 210 zuwa 220. Idan faɗin ya kai 75 ko 80, a nemi 230 zuwa 240. Buɗaɗɗen kwale-kwale kuwa, wanda ake zama a kan benci nesa da ruwa, sai 250 zuwa sama. Gajere zai sa ka yi ta bugun yatsu a gefen jirgi, dogo kuma ya riƙa karkatar da hancin jirgin dama da hagu, kafaɗa ta gaji a banza.

Mafi sauƙin kuɗi shi ne mai sandar alminiyum da bakin roba, nauyinsa kilo ɗaya ko ɗan sama da haka. Ya ishi mai koyo. Na faiba ya fi shi rashin nauyi, na kabon ya fi duka, amma kuɗinsa ba na ɗan koyo ba ne. A lanƙwasa bakin robar da hannu tun a shago: idan ya yi laushi kamar murfin bokiti, a ajiye shi, domin a cikin ruwa rawa zai yi maimakon ya ja.

Sai mahaɗi, inda sandunan biyu suke haɗuwa da ɗan maɓalli. A haɗa, a riƙe gefe da gefe, a murɗa. In ka ji yana ƙwas-ƙwas, to da amfani ramin da maɓallin yake shiga zai ƙara faɗi ne, kuma gyaransa da wuya. Mai kyau yana da rami fiye da ɗaya, don a iya juya baki ɗaya kamar digiri 60, ta yadda wanda ke sama zai yanki iskar hunturu da kaifinsa. Mai koyo dai ya fara da bakunan a miƙe, wuyan hannu ya fi samun sauƙi. A tabbata akwai zoben roba biyu kusa da bakunan, su ne ke tare ruwa kada ya gangaro cikin hannun riga. A kuma jefa filafilin a ruwa marar zurfi a gani ko yana tasowa, don sandar da ba a toshe cikinta ba tana cika ta nutse.

Ƙura da rana su ne abokan gabarsa a garin nan. Yashi ƙwaya kaɗan ya isa ya liƙe mahaɗi, sai a raba shi, a ɗauraye, a shanya a inuwa bayan kowace fita, kuma kada a shafa masa giris, ƙasa yake kamawa. Roba da aka bari a rana tana ƙonewa ta tsage, alminiyum kuma ya yi zafin da ba ya taɓuwa.

Muna roƙo, don Allah, abin da ya yi saura daga kuɗin a sayi rigar kariya mai hana nutsewa a ruwa daidai jiki, a ɗaura ta tun daga gaɓa.

Wassalam.
Wasu masu koyar da tuƙin kwale-kwale, Kano